Tankin roba mai lita 1000 a gidan Damagaram: a ƙasa ya fi aiki, ba a ƙoli ba

Da an shiga watan Maris, shagunan kayan gini na Damagaram sai su jera tankunan roba a bakin titi, baƙaƙe da shuɗɗa da masu ruwan toka, daga mai lita 500 har mai 5000. Wanda ya fi fita shi ne mai lita 1000, kuma ba kasafai ake sayensa shi kaɗai ba. Mai shago zai haɗa maka da ƙaramin injin turawa mai ƙarfin rabin doki, da fulota, wato bawul mai rufe ruwa da kansa in tanki ya cika, da tiyo, ya kuma nuna maka mai waldar da zai yi maka shato, wato dogon mazaunin ƙarfe da ake ɗora tanki a kai. Wannan haɗin ne muka sa a sikeli. Tankin kansa kaya ne mai kyau, ya cancanci kuɗinsa in an dace da mai kauri. Inda ake tafka asara shi ne wurin kafa shi: a ɗora shi can ƙoli, a jona shi kai tsaye da layin pampo, a zauna jiran ya cika. A unguwanni da yawa ba zai cika ba. Mai gida ya biya kuɗin tanki, ya biya na walda, ga tanki fanko yana shan rana a sama, ga uwargida tana leƙen ƴan ga-ruwa a ƙofar gida kamar da.

Dalilin yana ƙarƙashin ƙafafunmu. Garin Damagaram, wato Zinder, a kan dutse yake zaune, irin manyan duwatsun nan da ke tsaye a Birni su ne kuma a ƙasa, kuma irin wannan dutse ba ya riƙe ruwa sai ɗan abin da ya maƙale a tsagarsa. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake ambata na ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926. Ruwan da ke zuwa pampo daga nesa ake turo shi, daga rijiyoyin Gogo da Macaya ta kudu, da na Arunguza da Ganaram ta arewa, tafiyar kilomita gommai a cikin bututu. Injinan da ke turo shi wuta suke ci, garin kuma kullum ƙara faɗi yake. Tun farkon 2024 kamfanin NDE ne ke raba ruwan a madadin tsohon kamfanin SEEN, amma canjin suna ba ya canza dutse. Abin da mai gida zai riƙe a nan guda biyu ne: ruwa yakan zo ne a lokacin da ya ga dama, sau da yawa cikin dare, kuma yakan zo da rauni, musamman a unguwannin tudu da na ƙarshen layi, daga Maris zuwa saukar damina.

Ƙarfin ruwa a bututu ana auna shi da tsawon da zai iya hawa. Duk mita 10 na hawa bar ɗaya ne a ma'aunin masu aikin pampo. Tankin da ke kan shato mai mita 4, bakin shigarsa yana wajen mita 5 da ɗoriya daga ƙasa, sai ruwan ya zo da fiye da rabin bar kafin ɗigo ɗaya ya faɗa ciki. Ruwan da ke tsiyaya a pampon tsakar gida da ƙarfe uku na dare, wanda da ƙyar yake cika bokiti, ba shi da wannan ƙarfin. Amma ruwan nan shi ɗin dai zai iya shiga tankin da ke zaune a ƙasa, wanda bakinsa bai wuce mita ɗaya da ƴan kai ba. Kafin ka sayi komai, yi gwaji mai sauƙi dare uku a jere. Ɗaura tiyon roba a pampo, ka riƙa ɗaga bakinsa sama har inda ruwa ya daina fita, ka sa alama a bango. Sannan ka duba minti nawa bido mai lita 20 ke ɗauka kafin ya cika. In minti 4 ne, kana samun lita 5 a minti, lita 300 a awa. Ruwan da ya zauna awa uku zai ba ka lita 900. Waɗannan lambobi biyu su ne za su gaya maka inda za ka ajiye tanki da girman da ya kamace ka, ba bakin mai shago ba.

Tsarin da muke ganin ya dace da garin nan shi ne a sa babban tanki a ƙasa ya riƙa tarbar ruwan dare da kansa, kowa na barci, fulota ta rufe in ya cika. In akwai hali, sai a ƙara ƙaramin tanki mai lita 500 a sama, inji ya riƙa ɗebowa daga na ƙasa yana kai masa. In babu hali, na ƙasan shi kaɗai ya wadatar, an dai rasa shawa ne, ba a rasa ruwa ba. Wanda kuɗinsa bai kai ya yi duka biyun ba, ya bar shato ya sayi tanki na biyu ya ajiye kusa da na farko. Lita 2000 a ƙasa ta fi lita 1000 a sararin sama amfani nesa ba kusa ba.

Batun girma kuma, a daina ɗaukar lambar da ke jikin tanki a matsayin abin da za a sha. Faɗin tanki mai lita 1000 ya ɗan haura mita ɗaya, saboda haka kowane santimita na tsayinsa yana ɗauke da kusan lita 9. Fulota tana tsayar da ruwa wajen santimita 10 kafin baki, mafitar ƙasa kuma tana barin santimita 5 ko fiye da ba ya fita. Lita 130 zuwa 150 sun tafi ke nan. Abin da ke hannunka lita 850 ne, wato bido 34 masu lita 25, ko tano huɗu da ɗan ƙari. Hukumar lafiya ta duniya tana ɗaukar lita 20 ga mutum a yini a matsayin mafi ƙarancin abin da za a rayu da shi cikin tsabta, lita 50 kuma matsakaici. Gida mai mutum 10 da ke cin lita 40 kowanne, da wanka da wanki da alwala da girki, zai shanye tankin cikin kwana biyu. In akwai masai na zamani, duk ja ɗaya lita 6 zuwa 9 ne. In ana kiwon raguna, kowanne a ba shi lita 5 a lissafi lokacin zafi. Gidan da layinsa kan yi kwana uku ko huɗu shiru, mai lita 1000 ya yi masa kaɗan, ya nemi 2000.

Yanzu ga tankin kansa. Waɗanda ke kasuwa ba duka suka zama ɗaya ba ko da launinsu da tsayinsu sun yi kama. Abu na farko da za a duba shi ne haske. Sa kanka cikin bakin tankin da rana tsaka, wani ya kare maka hasken da ke shigowa ta gefen wuya da zane. In ka ga jikin yana haske kamar fitilar kwai, bar shi. Inda haske ya shiga gansakuka za ta fito, cikin ƴan makonni ruwa ya yi kore ya fara ƙarni. Mai kyau ciki duhu ne ƙirin, kuma mafi kyawunsu masu ɓawo biyu ne ko uku: baƙi a waje ko a tsakiya don tare rana, fari sumul a ciki don a ga datti in ya kwanta. Na biyu, nauyi. Jijjiga tankuna biyu masu girma ɗaya, wanda ya fi nauyi shi ya fi roba. Danna gefensa da gwiwa; in ya lotsa cikin sauƙi kamar bokitin wanki, ranar da ya cika zai yi tumbi, daga nan sai tsaga ta biyo baya. Na uku, shinshina cikinsa. Sabuwar roba tana da ɗan warinta wanda wanki ɗaya ke kawarwa, amma warin ƙonanniyar leda alama ce ta tsohuwar roba da aka narke aka sake zubawa, kuma irin wannan ba ya jure ranar Afrilu shekara da shekaru. Na huɗu murfi: mai zare wanda ake murɗawa, ba wanda ake kifawa kawai ba. Iskar hunturu za ta yi gaba da na kifawa, ƙura da ƙadangare su samu ƙofa.

Akwai kuma farin tankin nan mai kusurwa huɗu da ke cikin kejin ƙarfe, shi ma lita 1000, wanda ake sayarwa na hannu da sauƙin kuɗi. Don kwaɓa siminti ko ban ruwan shuka ba shi da laifi. Don sha da girki kuwa ba mu yarda da shi ba ko kaɗan. Da shi masana'antu ke jigilar sinadarai, mai sayarwa bai san abin da ya taɓa zama a ciki ba, roba kuma tana shan abin da aka zuba mata ta riƙa sakinsa sannu a hankali. Wankin omo ba ya fitar da wannan. Ga shi fari, haske na ratsa shi. Araha ba ta ado, balle a kan ruwan da yara za su sha.

Wurin zama shi ne abin da ke kashe tankuna fiye da rana. Cikakken tanki tan guda ne, kilo 1000, kuma an yi gindinsa ne don ya zauna gaba ɗaya a kan abu shimfiɗaɗɗe. A zuba masa daɓen siminti mai kaurin santimita 10, wanda ya fi gindin faɗi da taƙi ɗaya ta kowane gefe, a daidaita shi da ma'aunin magina, a share duk tsakuwa kafin a ɗora. Tsakuwa ɗaya a ƙarƙashin tan guda ƙusa ce. Ɗora tanki a kan bulo huɗu ko tayoyin mota, tsakiyarsa na reto, shi ke kawo tsagar gindi wadda ba ta gyaruwa. Mutane kan so su ɗaga daɓen sosai don bido ya shiga ƙarƙashin pampon tanki, amma duk santimitan da ka ɗaga ka ƙara wa raunanan ruwan dare aiki ne. Dabarar da ta fi ita ce a bar daɓen gajere, a haƙa ɗan rami mai zurfin santimita 40 a gaban pampon, a shafe shi da siminti, nan za a riƙa tsayar da bido.

Masu son binne tanki su yi hattara. Tankin tsaye na yau da kullum ba a yi shi don ƙasa ta matse shi ba. Ranar da ya zama fanko, ƙasar gefe za ta murƙushe shi, in kuma damina ta cika ramin sai ya taso kamar ƙwarya. In ƙarfin ruwan gidan ya yi ƙasa har sai an nutsar da tanki, a gina masa ɗaki da bulo, a bar tazarar da mutum zai iya zagayawa, bakin ginin ya ɗara tsakar gida tsayi don kada ruwan sama ya gangara ciki, kuma ya yi nesa da salga iyakar yadda filin gida ya bari. A wasu unguwannin ma ba a nisa da haƙa ake cin karo da dutse, sai a haƙura da rabin nutsewa. Kan soron ƙasa kuwa, ko azara ta kai ƙarfe ƙarfi, kada a ɗora tanki. Ɗigon da ke zuba daga mahaɗar tiyo dare da rana ya fi ruwan sama cin katanga. Kowa ya ga abin da damina ta yi wa tsohon masallacin Birni a Satumban 2024, ginin da ya haura shekara ɗari a tsaye. Laka da danshi ba sa zama wuri ɗaya.

Fulotar da ake haɗowa da tanki galibi ƙarama ce, mai rabin inci, ramin da ruwa ke bi a cikinta bai fi ƙwayar gero biyu ba. A inda ruwa ke da ƙarfi ba a lura, a nan kuwa ita ce ke shaƙe ɗan abin da ya zo. A canza ta da mai inci uku bisa huɗu, ta tagulla in an samu, kuma tiyon da ya taso daga kontar, wato ma'aunin ruwan kamfani, zuwa tanki ya zama mai milimita 25 aƙalla, gajere, marar yawan lanƙwasa. Bayan kontar a sa bawul mai hana ruwa komawa baya, wanda masu aikin pampo ke kira klape. A sa ƙaramin rariya kafin fulota, domin duk lokacin da ruwa ya dawo bayan yankewa yakan zo da yashi da tsatsa, ƙwayar yashi ɗaya kuma ta isa ta hana fulota rufewa, tanki ya yi ta ambaliya har asuba, faktir ta zo da nauyi. Kuɗin ruwa hawa-hawa ne, farashin lita 1000 ta farko ba ɗaya yake da na ta arba'in ba, don haka ɓarnar dare ɗaya tana iya tura gida zuwa mataki mai tsada. Mafitar ambaliya a sa mata tiyo ya sauka inda ido zai gani, a ɗaure bakinsa da gidan sauro. Ba a rasa mai cewa kontar tana juyawa da iska kafin ruwa ya iso. Haka ne, iskar da ta cika bututu lokacin yankewa tana bi ta nan, amma wanda ya rufe bawul don gudun iska shi ne zai wayi gari ruwan dare ya wuce shi.

Tiyon toka na PVC in ya sha rana yakan bushe ya riƙa karyewa kamar kara. Duk wanda zai bi sarari a binne shi, ko a shafa masa fenti, ko a yi amfani da baƙin tiyon nan mai naɗi. Inda tiyo ya haɗu da jikin tanki nan ne yoyo ke farawa. Dalili biyu ne: an ɗaure goron da ƙarfin tsiya har robar da ke tsakani ta fita daga mazauninta, ko an bar nauyin dogon tiyo da bawul yana rataye a jikin tankin. Tanki yana buɗewa in ya cika, yana tsukewa in ya ragu, tiyon da aka kafe shi ƙam ba ya bin sa. A sa guntun tiyo mai laushi a tsakani, a tallafi sauran da bulo. In kuwa tsaga ta riga ta fito, kada a ɓata kuɗi a kan gam. Irin wannan roba ba ta kama gam, kowane iri ne, kwana kaɗan zai ɓamɓare. Sai dai a huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don ta daina tafiya, a kai wa masu liƙin roba su narka irin robar a kai, ciki da waje.

Injin turawa mai rabin doki yana cin wat 370. A aikace, in yana kai ruwa tsayin mita 5 ko 6, yakan ba da lita 20 zuwa 25 a minti, ya cika tanki mai lita 500 cikin minti 25, wutar da ya ci ba ta kai rubu'in kilowat ba. Wajen cin kuran ba shi da laifi, kayan gyaransa kuma suna ko'ina. Rauninsa biyu ne. Ba ya son yashi, don tazarar da ke tsakanin farfelarsa da gidanta ƙanƙanuwa ce. In ya kwana biyu bai yi aiki ba ma yakan cije, sai an sa sukurdireba ta bayan fankarsa an juya shi kafin a kunna. Ba ya kuma son aiki babu ruwa: minti kaɗan a bushe, robar da ke tare ruwa a kan sandarsa ta ƙone, ya fara ɗiga. Maganin wannan fulotar wuta ce a cikin tankin ƙasa, mai kashe inji in ruwa ya yi ƙasa, da wata a na sama mai kashe shi in ya cika. A yi masa rumfa, a ɗaga shi daga ƙasa, a kuma ja masa wayar ƙasa. Ruwa da wuta da yara a tsakar gida ɗaya ba abin wasa ba ne.

Abin da muke roƙon jama'a su bari shi ne jona injin nan kai tsaye a bayan kontar don ya tsotso ruwa daga layi. Ana yi, kuma wasu masu aikin pampo ma su ke ba da shawarar. Gidan da ya yi haka ruwan maƙwabtansa yake ja, na ƙasa da shi a layi su kwana da bokiti a bushe. Hakkin maƙwabtaka bai yarda da wannan ba. Kuma cutar tana komowa gida: tsotson yana sa bututu ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi ta duk inda ya tsage, bututun kuma ta gefen kwata da salga yake bi. Ga injin kansa yana shan iska rabin lokaci, bai daɗewa. Inji daga tanki yake ja, ba daga layi ba.

Wuta ita ma ba abin dogaro ba ce a watannin da aka fi bukatar ruwa. Kuran ɗin yankin nan ya daɗe yana dogaro da layin da ke shigowa daga Katsina ta Gazawa, kuma ba a manta da yadda aka kasance ba bayan yanke shi a Agustan 2023. A nan tsarin tanki biyu yake nuna amfaninsa, domin tara ruwa a ƙasa ba ya bukatar wuta, ɗaga shi sama kuma ana iya yi duk lokacin da ta samu. Mai pano na hasken rana a gida ya sani cewa injin wat 370 yana fizgar ninki uku ko fiye a lokacin tashi, ƙaramin inbata ba zai ɗauke shi ba, sai mai wat 1000 zuwa sama. Wanda zai fara daga farko, ƙaramin inji mai aiki da bolt 12 ko 24 kai tsaye daga pano ya fi masa: dare ya tara, rana ta ɗaga, babu batir a tsakani, batir kuwa shi ne abin da zafin garin nan ke fara kashewa.

Shaton ƙarfe na tanki mai lita 1000 kada ƙarfen kusurwarsa ya gaza milimita 50 da kaurin 5, da ƙarafan giciye a kowane gefe, ƙafafu a cikin kankare, sama kuma a shimfiɗa faranti ko katako masu haɗe da juna, ba sanduna uku da gindin tanki zai riƙa lotsawa a tsakaninsu ba. Mita 3 zuwa 4 sun isa shawa a gidan da ba bene ba. A ɗaure tankin da shaton. Guguwar farkon damina tana zuwa daidai lokacin da tankuna suke fanko, fankon tanki kuma bai fi buhun gero rabi nauyi ba.

Sai zafi. Baƙin tanki a rana, ruwansa da azahar ba ya taɓuwa, wannan kuma shi ne babban aibin kayan, babu ɓoyewa. Zafin ba wanka kaɗai yake hanawa ba, yana korar ɗan maganin da kamfani ya sa wa ruwan, bayan kwana biyu ruwan ba shi da mai tsaronsa. Rumfar zana ko ta kwano, da tazarar kamu biyu tsakaninta da tanki don iska ta ratsa, tana rage abin sosai. Na sha kuwa a riƙa juye shi a randa tun da safe; tukwanen Mirriya har yau babu robar da ta kama ƙafarsu wajen sanyaya ruwa. A dai sa wa randar murfi da moɗa mai mariƙi wadda ba a ajiye ta a ƙasa.

Ruwan pampo da ya shiga tanki mai tsabta aka shanye shi cikin kwana biyu ba ya bukatar ƙarin magani. Amma tankin da ake cikawa da ruwan ƴan ga-ruwa ko na rijiya, ko wanda ruwa ya kwana huɗu a ciki, a sa masa jabel. A duba jikin kwalba: in mai ƙarfin kashi 2.6 cikin ɗari ce, marar turare, mililita 40 zuwa 75 ta isa lita 1000 na ruwa garau. A auna da sirinji, ba da ido ba, a dama a bokiti a zuba, a jira minti 30. In an ji ɗan ƙamshinta kaɗan, ya yi. In babu ko alama, a ƙara rabin awon farko. Jabel ɗin da ta daɗe a rana a shago ta riga ta rasa ƙarfi. Ruwa mai laka sai an bar shi ya kwanta an tace tukuna, domin magani ba ya aiki a cikin dauɗa. Kuma jabel ƙwayoyin cuta take kashewa, irin masu kawo amai da gudawa da zazzaɓin taifot. Ba ta gyara ruwan zartsi, ba ta cire abin da ya tsiyayo daga salga ya narke a rijiyar cikin gari. Irin wannan ruwa a bar shi ga wanki.

Wanke tanki sau biyu a shekara, bayan hunturu da bayan damina. A zubar da ruwan har ƙasa, a kwashe lakar da soso, a goge jikin da burushi mai dogon mariƙi da ruwan jabel, mililita 150 a bokiti mai lita 20, a bar shi rabin awa, a ɗauraye sau biyu. Ban da omo, ban da soson ƙarfe mai karce farin ɓawon ciki. Kada a tura yaro cikin tanki da jabel a ciki, tururinta a rufaffen wuri yana shaƙe numfashi.

Wata fa'idar tankin ƙasa da ba a cika lissafawa ba ita ce ruwan sama. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 60, in aka yi ruwan milimita 20 aka cire kashi ɗaya cikin biyar na ɓarna, zai ba da lita 960, tanki guda a dare ɗaya. Damagaram na samun wajen milimita 400 a shekara, kusan duka tsakanin Yuni da Satumba, don haka wannan ba zai kai gida bazara ba, amma zai rage nauyin wanki da wanka na damina daga kan faktir. Ruwan farko da na biyu na shekara a bar su su wanke ƙurar wata takwas da kashin tsuntsaye. Bayan haka ma, a kowane ruwa a zubar da lita 60 zuwa 100 na farko kafin a juya indararo zuwa tanki, kuma tankin ruwan sama ya zama daban da wanda ke jone da layin pampo.

Game da lokacin saye, ba a fafe gora ranar tafiya. Daga Nuwamba zuwa Janairu ruwa ya fi zama a layi, masu aikin pampo ba su da cunkoso, kuma a lokacin ne za ka iya cika sabon tanki ka bar shi kwana biyu kana duba mahaɗai da busasshen tsumma kafin ka biya cikon kuɗin aiki. Farashi yana bin canjin naira da sefa da kuɗin mota, don haka a zagaya shago uku a kwatanta nauyi da kauri, ba lita kaɗai ba. A karɓi takardar saye mai ɗauke da sunan kamfanin da girman tankin. Ranar ɗauko shi kuma a tsaya a kai: kada a gangaro shi daga kan mota ya faɗi a gefen gindinsa, kada a ja shi a kan tsakuwa, kuma igiyar ɗauri ta bi ta jikinsa, ba ta cikin ramin mafita ba.